Ciwon zuciya ba na maza kaɗai ba ne

Yana damuna yadda ake yawan cewa ciwon zuciya na maza ne. Masu faɗin haka suna da hujja, domin yakan riga kama maza da shekaru.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne sinadarin estirojin da ma'ajiyar ƙwan mace ke fitarwa. Yana sa jijiyoyin jini su kasance da laushi, yana kuma rage mugun kitse a jini. Idan al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, sinadarin yana raguwa sosai. Sai mugun kitsen ya hau, teɓa ta koma ciki, hawan jini da ciwon suga su samu hanya. A duniya, cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne suka fi kashe mata.

Mace mai shekara 58 da ke haki idan ta hau bene, ga gajiya da ciwon muƙamuƙi, sai a ce tsufa ne. Kamata ya yi likita ya duba zuciyarta.

Shan ƙwayoyin estirojin kuwa ba rigakafi ba ne. Wani babban bincike a Amurka a 2002 ya nuna haɗin estirojin da furojestin (wani sinadarin da ake ba mata tare da shi) yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini.