Ranar da Malam ya tilasta mini kare mutanen da na tsana

Jiya wani ƙanena da ke aji biyu a jami'a ya turo mini wani guntun bidiyo, bai kai minti ɗaya ba, daga muhawarar da ƙungiyar ɗaliban lauya ta shirya a kan hukuncin kisa. A ƙasan bidiyon an rubuta: "Ku kalli yadda ya kashe mata baki." Sau uku na kalla ina neman hujjar da ta kashe bakin, ban ji ko ɗaya ba. Tafi na ji, da bugun tebur, da wani yaro yana nuna wata ɗaliba da yatsa yana ce mata ba ta da imani. Na kira shi na ce, to ita me ta faɗa kafin nan? Ya ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, ni ma turo mini aka yi."

Wannan amsar ce ta hana ni barci har na zauna rubuta wannan.

Ni dai a ganina, duk ɗalibin da ba zai iya tsayawa ya faɗi hujjar abokin hamayyarsa ba, ya faɗe ta yadda shi mai hujjar zai gyaɗa kai ya ce "haka nake nufi", to bai isa a miƙa masa makirfo ba tukuna. Kuma ba a littafi na tsinci wannan ra'ayi ba, jiki magayi ne.

Muna shekarar farko a darasin dokar laifuka, malaminmu ya kawo mana shari'ar Dudley da Stephens ta 1884, wadda kusan duk wanda ya karanta doka irin ta Ingila ya ci karo da ita. Wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Mignonette ya taso daga Ingila zai je Ostareliya, ya nutse a tekun Atlantika. Mutum huɗu suka tsira a cikin ɗan kwalekwale, ba ruwan sha, abincinsu gwangwani biyu kacal. Da aka doshi kwana ashirin, yaron jirgin, Richard Parker, ɗan shekara 17, ya sha ruwan teku ya galabaita. Kyaftin Dudley ya yanka shi da amincewar Stephens, su ukun suka rayu da namansa. Bayan kwana huɗu wani jirgi ya tsince su.

Malam bai rufe baki ba na ɗaga hannu, jikina har rawa yake. Na ce ai wannan ba abin tattaunawa ba ne, makasa ne, a rataye su kawai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Madalla. Ranar Alhamis kai ne lauyansu."

Na yi kwana biyu a laburare ina jin haushinsa. Amma ka san aiki idan ya hau kanka dole ka nemo mafita. Na fara tambayar kaina abubuwan da da ba zan taɓa bari su shigo raina ba. Idan da ba su yi ba, su huɗun duka za su mutu, to wa aka ceta da mutuwar huɗu a madadin ɗaya? Shin adalci ne alƙalin da ya ƙoshi, yana zaune a kan kujera mai laushi, ya auna mutumin da harshensa ya kumbura don ƙishirwa da mudun da yake auna mai lafiya? Na kuma gano cewa mutanen Ingila na lokacin tausayinsu suka ji, har yayan yaron da aka kashe ya zo ya yi musabaha da su. Da na tsaya gaban aji ranar Alhamis, muryata ta yi ƙarfi fiye da yadda na so.

Sai wata 'yar ajinmu da aka ba ɓangaren masu gabatar da ƙara ta miƙe, a natse, ta yi mini tambaya ɗaya: wa ya zaɓi yaron? Ba a yi ƙuri'a ba, ba a nemi yardarsa ba. An zaɓe shi ne don shi ne mafi rauni, ba shi da mata da 'ya'ya, ba shi da ƙarfin kare kansa. Idan doka ta yarda da haka, ta ce, kullum mai ƙarfi ne zai riƙa yanke hukuncin cewa larura ta kai. Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Kotun ma a nan ta tsaya: larura ba ta zama kariya ga kisan kai, aka yanke musu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta shi ya koma ɗaurin wata shida. Malaman fiƙihu ma da suka ce larura tana halatta abin da aka hana, ba su shigar da ran wanda bai ji ba bai gani ba cikin wannan rangwame ba.

Ka ga na fita daga ajin da ra'ayin da na shiga da shi. Bambancin kawai, ranar Litinin fushi nake da shi, ranar Alhamis na san dalili, na kuma san inda dalilin nawa yake yoyo. Wata shidan nan har yau tana damuna, domin alama ce cewa su kansu mahukuntan ba su natsu ɗari bisa ɗari ba.

Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne a cikin aji muke, ƙofa a rufe, mu hamsin da wani abu. Da a ce ranar wani ya ɗauke ni a waya ina cewa yanka yaron nan yana da hujja, ya yanke minti ɗaya ya watsa, da har gobe ana kirana lauyan masu cin naman mutane.

Imam Ghazali, wanda ya koyar a Nizamiyya ta Bagadaza ya rasu a 1111, ya daɗe da hango wannan cuta. Cikin sharuɗɗan da ya gindaya wa munazara, wato muhawarar ilimi, akwai cewa mai yin ta ya fi son yin ta a keɓe a kan yin ta a gaban manya da taron jama'a, domin taro yana motsa riya, ya sa mutum ya kafe a kan maganarsa ko da ya ga kuskurenta. Ya ce mai neman gaskiya kamar mai cigiyar abin da ya ɓata ne, bai damu ba ko a hannunsa aka samo ko a hannun wanda ya taya shi nema. To a zamaninsa taron bai wuce fadar waziri ba. Yau kowane ɗalibi yana yawo da fadar a aljihunsa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a daina muhawara a bainar jama'a. A'a. A 1965 ɗaliban Cambridge sun cika zaure suka saurari James Baldwin, marubuci baƙar fata ɗan Amurka, da William Buckley, ɗan jaridar Amurka mai ra'ayin riƙau, a kan ko ci gaban Amurka a kan wuyan baƙar fata aka gina shi, aka kaɗa ƙuri'a, ɓangaren Baldwin ya yi nasara da 544 a kan 164. Amma a lura, sai da aka bar Buckley ya gama maganarsa tsaf kafin a kayar da shi. Shi ya sa har yau nasarar take da nauyi. Da ihu aka yi masa ya sauka, da ba wanda zai tuna da daren.

Su ma hukumomin jami'o'i da ke rawar jiki su soke taro da zarar sun ji batun yana da zafi, ina ganin tsoron nasu ya yi yawa. A 1933 ɗaliban Oxford suka zartar da ƙudurin cewa ba za su yi yaƙi don sarki da ƙasa ba, ƙuri'a 275 a kan 153. Jaridu suka yi ca, Winston Churchill, fitaccen ɗan siyasar Birtaniya, ya yi Allah wadai. Bayan shekara shida Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, samarin wannan tsarar suka sa kaki kamar kowa. Ɗan shekara ashirin yana gwada ra'ayi ne kamar yadda ake gwada takalmi, wani ya matse shi ya cire. Idan ka hana shi gwadawa a zaure inda akwai malami da alƙalin muhawara da agogo, zai je ya gwada a sashen sharhi na kafofin sada zumunta, inda babu ko ɗaya.

Na san za a ce mini akwai maganar da cin mutunci ce tsagwaronta. Gaskiya ne, kuma aikin shugaban zama ne ya katse ta nan take. Sai dai yawancin abin da ɗalibai ke jayayya a kai, haraji ne, hukuncin kisa, ikon 'yan sanda, kuɗin makaranta, wa ya cancanci beli, 'yancin faɗin albarkacin baki da iyakarsa. Waɗannan abubuwa ne da su ɗin nan za su zo su rubuta dokokinsu nan da shekara ashirin. Gara su yi kuskuren yanzu da yake bai wuce maki ba.

Da ni ke shirya irin wannan zama, zan ari ƙa'idar da Chatham House, wata cibiyar nazari da ke Landan, ta kafa tun 1927: ka fita da duk abin da ka ji, amma kada ka ce wane ne ya faɗa. Wayoyi a jaka har a tashi. Kuma kafin kowa ya mayar da martani, sai ya maimaita hujjar wanda ya riga shi, har mai ita ya ce ya yarda.

Na dai ce wa ƙanen nawa ya je ya nemo abin da ɗalibar nan ta faɗa. Ɗazu bayan la'asar ya kira ni. Ashe ƙuri'a aka jefa kafin a fara, ta faɗa ɓangaren masu goyon bayan hukuncin kisa, alhali ita a ranta adawa take da shi. Ta yi mako guda tana shiri, ta yi magana ta minti bakwai, ba wanda ya ɗauki nata. Ya ce tun shekaranjiya ta rufe shafinta saboda zagi.