Yadda na'ura ta ba Baffa gonar maƙwabci

Wanda ya yi aikin malamin gona ya san cewa a wurin dangi aikinsa ba shi da iyaka. Shi ne likitan akuya, shi ne mai duban damina, in rigimar ƙasa ta tashi kuma shi ne safiyo. Farkon damina Baffa ya aika a kira ni a kan gonar gadonmu da ke hanyar Dass, a jihar Bauchi. Buƙata biyu gare shi. Ƙungiyar manomansu ta ce kowa ya kawo adadin hektar gonarsa kafin rabon taki, sannan turken simintin da safiyo ya kafa a kusurwar gabas ya ɓace, shi kuma maƙwabci kowace shekara kunyarsa sai ta ƙara matsowa. Ya ce a sayo na'urar GPS ta hannu, irin wadda ya ga ma'aikata suna yawo da ita.

Na rubuta wa Auta, ɗansa, a takarda: Garmin eTrex 22x ko 32x, in kuɗi ya kai GPSMAP 65s. Na yi masa bayani dalla-dalla. Biyun farko suna da fuska mai launi da ake iya karantawa a tsakar rana, suna cin batir biyu na AA da za su kai awa 25, ruwan sama ba ya shiga cikinsu, kuma suna jin taurarin ɗan'adam na GPS na Amurka da GLONASS na Rasha. Bambancinsu shi ne 32x tana da kamfas na gaske, ita kuwa 22x sai kana tafiya take sanin inda ka fuskanta. 65s tana karɓar sigina ta zango fiye da ɗaya, abin da ke taimako a gindin duwatsu da ƙarƙashin itatuwa, kuma duk wanda ya bi hanyar Dass ya san duwatsu ba su yi mana ƙaranci ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashin magana ɗaya: lallai ta kasance tana da wurin sa memori.

Auta ya dawo da eTrex 10 ta hannu, ruwan ɗorawa, yana murmushi. Ya ce mai shago ya rantse duk uwarsu ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta, ga shi kuma ya yi wa Baffa rarar kuɗi. Na'urar ba ta da laifi, tana auna fili tana adana alamar wuri, amma fuskarta baƙi da fari ce, ba ta da ramin memori, kuma cikinta bai isa ya ɗauki taswirar kirki ba. Baffa ya juya ta a hannu ya ce launin ya yi masa. Da ƙyar aka mayar aka yi ciko, aka karɓo 22x, ita ma ta hannu, wadda aka shigo da ita daga Amurka.

A zauren Baffa muka kunna ta, ƙarƙashin rufin kwano. Ta ɗan yi tunani, sai ta nuna mu a gefen wani tafki a Amurka.

"Malam," in ji Baffa, shi haka yake kirana in yana son ya yi mini ba'a, "ita ba ta san an sayar da ita ba ne?"

Gaskiyarsa, ba ta sani ba. Na'ura tana riƙe wurin ƙarshe da aka kashe ta. Taurarin suna sama da nisan kilomita 20,200, siginarsu ba ta da ƙarfin huda kwano, kuma sai ta ji aƙalla huɗu kafin ta san inda take. In an ɗauke ta an tsallaka teku da ita, sai ta sake karɓar jadawalin taurarin gaba ɗaya, shi kuwa yana cin minti goma sha biyu da rabi kafin ya gama sauka. Ba a yi mata gaggawa, ba a rufe samanta da tafin hannu, domin nan eriyar take. Sai na fita filin ƙofar gida da azahar tsaka, na ɗaga ta sama na ƙame, kamar mai neman jinjirin watan azumi da rana kata. Yara suka kewaye ni. Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta tsaya ta tambayi Auta ko an kai ni wurin masu ruƙiyya.

Da ta kama, sai ga mu a Bauchi, amma Bauchin da babu kowa a cikinta: farin fili, layin babbar hanya, da ɗigo. Nan ne yawancin masu saye suke faɗawa rami. Taswirar da ke zuwa a cikin na'ura ta yankin da aka fara sayar da ita ce. Tamu ta san lungunan Amurka da Kanada, ba ta san Wunti ta cikin garin Bauchi ba. Taswirar Google da ke cikin waya kuma ba a kwafe ta a zuba mata, ba irin abincinta ba ne. Abin da take ci fayil ne mai ƙarewa da .img, kuma ana samun na Najeriya kyauta wanda aka haɗa daga OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da ke intanet. Ana buƙatar ƙaramin memori da bai wuce gig 32 ba, a yi masa fomat na FAT32, a buɗe folda a sa mata suna Garmin, a jefa fayil ɗin ciki. Tsofaffin na'urori ba sa gane shi sai sunansa gmapsupp.img, don haka ni ko a sabuwa haka nake barinsa. Ramin memorin yana ƙarƙashin batir, da ɗan murfin ƙarfe da ake turawa a ɗaga. Bayan an mayar, sai a shiga saitin taswira a kunna sabuwar, a kashe ta Amurka.

Duk wannan na rubuta wa Auta, ya kai wa yaron da ke tura waƙoƙi a bakin kasuwa. Yaron ya ga gig 32 ya yi wa Alhaji kaɗan, ya ba shi mai 64, wanda da fomat na exFAT yake zuwa, na'urar kuwa ba ta karanta shi. Fayil ɗin ma a waje ya ajiye shi ba a cikin folda ba, ya cika sauran wurin da wa'azi da finafinai a matsayin gyara. Na ce a kawo kebul in yi da kaina a kwamfuta. Nan ma wani aiki: bakinta irin na da ne, mini-USB, mai kauri, irin na tsofaffin kyamarori, ba na wayoyin yanzu ba. Wanda aka fara samowa na caji ne zalla, babu wayoyin ɗaukar bayani a cikinsa, na'ura ta kawo wuta amma kwamfuta ta yi kunnen uwar shegu.

A ɓangaren kwamfuta, ra'ayina bai canza ba tun da na fara wannan aiki. BaseCamp, manhajar Garmin, kyauta ce, tana hawa Windows da Mac, tana karanta taswirar da ke cikin na'ura in an jona, kuma ta isa wajen sauke alamomi da sawun tafiya. Duk abin da aka auna a fitar da shi a fayil ɗin GPX, domin shi ne kowa yake ganewa. Mai son ya ga gonarsa a kan hoton sama ya buɗe shi a Google Earth. Mai son taswirar da za a buga a takarda da ma'auni ya koyi manhajar QGIS, ita ma kyauta ce, sai dai tana son haƙuri. OpenStreetMap kuwa ta san titunan gari da manyan hanyoyi, amma kada a sa rai za ta san burtalin da ya ratsa bayan gonar kowa.

Ranar fita gona, ɗan maƙwabci ya turo wa Auta lambobin bakin hanyar gonar daga wayarsa: 10.20 arewa, 9.70 gabas. Waya tana ba da digiri da ɗigo, na'urar kuwa a kan digiri da minti take zuwa, kuma minti sittin ke cika digiri ɗaya. Wato 10.20 shi ne digiri 10 da minti 12, 9.70 kuma digiri 9 da minti 42. Auta ya zuba 20 a gurbin minti. Da ya zo kan 70 na'ura ta ƙi karɓa, sai ya rage mata zuwa 59, wai shi ne mafi kusa. Kowane minti kusan kilomita biyu ne a ƙasa. Muna tsaye a bakin gonar, ƙafarmu cikin taɓonta, na'ura ta ce saura kilomita 34, mu nufi hanyar Gombe. Baffa ya gyara hula ya ce dama ya taɓa jin marigayi yana da wani fili ta can.

Aka gyara, muka shiga awon fili. Hanyarsa mai sauƙi ce: a tsaya a kusurwa har kuskuren da na'ura ke nunawa ya sauko mita uku ko huɗu, a danna fara lissafin fili, a bi iyaka da tafiya ɗaya ba tsaye-tsaye, a dawo inda aka fara, a danna lissafa, a adana sawun. Mun ci rabin zagaye fuska ta dushe ta mutu. Batirin da Auta ya sa irin na tocila ne mai araha, wanda ba ya jure abin da ke jan wuta a kai a kai. Ana sa alkalin, ko masu caji na NiMH, sannan a gaya wa na'ura irin wanda aka sa a cikin saiti, in ba haka ba ma'aunin batirinta ƙarya zai riƙa yi. Na ciro nawa daga aljihu muka sake zagayen.

Lissafi ya fito 9.9. Baffa ya yi hamdala, har ya fara ƙirga buhunan takin hekta goma. Na duba ƙasan lambar na ga eka ce, ma'aunin da mai ita na farko ya bari. Hekta ɗaya eka 2.47 ce, don haka gonar hekta huɗu ce cif. Baffa ya ce a bar shi a yadda na'ura ta fara faɗa, ai maganar fari ita ce ta gaskiya.

Saura turke. Takardar safiyo tana aljihun Baffa, a naɗe cikin leda, kuma ba ya ba kowa ita, ko ni. Ya buɗe iya layin lambobin ya karanto mini, ya ninke. Lambobin UTM ne, na mita, don haka na juya na'urar zuwa UTM, shiyya ta 32, wadda ta ɗauki garin Bauchi da na Gombe duka. Na roƙa in ga ƙasan takardar, ya ce abin da ke ƙasa sa hannu ne da hatimi, ba ruwana da su.

Muka bi kibiya. Da mun tsaya sai ta rikice ta nuna wani wajen, saboda rashin kamfas, Baffa kuma ba ya taku goma bai tsaya ya duba ba. Haka muka yi ta kwana-kwana har muka tsallake iyakar da kowa ya sani, muka shiga cikin gyaɗar maƙwabci da ta fara tsiro. Taku kusan ɗari biyu, na'ura ta yi ƙara: mun iso. Baffa bai taɓa son wani abu na Bature irin yadda ya so ta a wannan lokaci ba. Ya ce shekara da shekaru yana faɗa ana cewa rigima ce irin ta tsufa. Ya sa Auta ya fara tono.

Maƙwabci ya iso da fartanya a kafaɗa, 'ya'yansa a baya. Kafin a jima an kira mai unguwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Baffa, "ba ni na faɗa ba. Tauraron ɗan'adam ne ya faɗa."

Mai unguwa ya ce a kawo takardar, shi kuwa ba a hana shi. Ya warware ta har ƙasa ya miƙo mini. Can cikin ninkin, kusa da hatimi, ga rubutu ƙarami: Minna. Wannan shi ne tushen awon da safiyoyin ƙasar nan suka daɗe suna aiki da shi, na'urar hannu kuma da WGS 84 take zuwa. Lamba ɗaya a tushe biyu wuri biyu ne. A yankinmu, a lambobin UTM, tazarar ta kai kusan mita 140, kuma wanda ya zuba lambar Minna a WGS 84 kudu maso gabas zai zarce. Maganinsa a canza tushen awo a cikin saiti zuwa Minna tukuna, sannan a sake shigar da lambobin. Alamar da aka riga aka adana ba ta gyaruwa da canza saiti, lambarta ce kawai za ta juya. Na yi hakan a gaban kowa. Kibiya ta juya arewa maso yamma, muka bi ta a jere, Baffa a ƙarshe, har ta tsayar da mu a tsohuwar iyaka, taku kaɗan daga inda kunyar maƙwabci ta ƙare.

Na gaya wa mai unguwa iyakar ƙarfinta ke nan. Za ta kawo mutum cikin da'irar mita uku zuwa biyar, ko an bar ta ta tara awo a wuri ɗaya. Wannan ya isa lissafin taki a hekta huɗu, amma bai isa raba kunya biyu ba, balle fuloti mai ƙafa 50 da 100. Wannan aikin safiyo mai lasisi ne, da na'urorinsa masu auna santimita. Duk da haka aka ce a tona da'irar ko za a dace. Aka tona har aka gaji, babu turke.

Babban ɗan maƙwabci ne ya yi gyaran murya. Ya ce yana yaro ya ga wani turken siminti a nan, mai lamba a kansa, wanda ya karya bakin garmar shanu, mai garmar ya fusata ya sa aka tumɓuke shi aka ɗora a amalanke. Mai unguwa ya tambayi garmar wa. Yaron ya sunkuyar da kai. Auta, wanda ba a tambaye shi ba, ya ce ai in mai lamba ne, shi ne wanda ake takawa a shiga bayin gidan Baffa.

Baffa ya karɓi takardarsa ya naɗe a leda a hankali. Ya dube ni ya ce, "Malam, mai shagon nan zai karɓi kayansa kuwa?"