Ba Howard Schultz ba ne ya kafa Starbucks

Wani marubuci ya ce Howard Schultz ne ya kafa Starbucks, kamfanin shagunan kofi na Amurka, kuma shayi bai taɓa shiga lissafin kamfanin ba, amma duka biyun suna buƙatar gyara. Mutum uku ne, Jerry Baldwin da Zev Siegl da Gordon Bowker, suka buɗe shagon farko a birnin Seattle na Amurka a 1971, suna sayar da gasassun ƙwayoyin kofi da ganyen shayi da kayan ƙamshi, ba kofin da aka dafa ba. Sai a 1982 Schultz ya shigo a matsayin ma'aikaci, kuma bayan ya ga yadda Italiyawa ke shan kofi a Milan ne ya matsa a canza salo, har ya sayi kamfanin a 1987. Batun shayi kuwa, a 2012 masu Starbucks sun sayi Teavana, wani kamfanin sayar da shayi, a kan dala miliyan 620, sannan a 2017 suka sanar da rufe shagunanta 379. Malam marubuci da ya kuma ce ba su taɓa tafka asara ba, wannan fa me za a kira shi?