Ƙwaƙwalwar ɓera da tawa

Ranar Talata a ɗakin bincike bafata, wato ruwan da ke daidaita tsamin haɗi, ta ƙare, sai na ɗebi ta kwalbar da ke kan bencin mutuminku, abokin aikina, wadda ya manna wa salatif ya rubuta "fosfet, pH 8". Aikin ba baƙo ba ne, hanyar Ellman ce ta 1961 ta auna ƙarfin asetilkolinestares, wani enzayim da ke cikin ƙwaƙwalwa. A niƙa ƙwaƙwalwar ɓera, miligiram 20 a kowace mililita, a ɗebi mililita 0.4 a zuba kan 2.6 na bafa, a sa mikrolita 100 na DTNB, sinadarin da ke ba da launi, a daidaita na'ura, sannan 20 na asetiltayokolin. Enzayim ya datse shi, tayokolin ya fito ya kama DTNB, ruwan ya riƙa yin rawaya sannu a hankali, ana karantawa da haske mai nanomita 412 minti bayan minti.

Ni kuwa sauri nake, na watsa na ƙarshen biyun a tare. Ban ko rufe murfi ba ruwa ya koma kamar an jiƙa kurkum. Na ce kai, ɓeran nan jarumi ne! Na tsinka niƙan ninki goma, da bafar nan dai. Launi ko gezau. Sai na haura sama na kira Farfesa.

Ya sauko da ɗalibai huɗu a bayansa. "Ina kubet ɗin da ba ƙwaƙwalwa?" Kubet ita ce 'yar kwalbar da ake sawa a na'ura. Na ce ranka ya daɗe, da tataccen ruwa na daidaita. Bai ce uffan ba. Ya zuba bafa zalla, ya ɗiga DTNB, nan take ta rine. Ya ɗaga ta saitin taga, ya jujjuya, ya nuna wa kowa ɗaya bayan ɗaya. "Malam, wannan ba ta da ƙwaƙwalwa, amma ka ga ƙoƙarinta." Ya buɗe kwalbar ya shinshina ya ɗauke kai: merkaptoetanol, wani sinadari mai wari, dangin tayol kamar tayokolin. DTNB ba ruwanta da inda tayol ya fito, kowanne ta samu kamawa take. "Hancin ma ba ya aiki?" Mura nake yi, wallahi, amma wa zai ji.

Mutuminku yana tsaye yana gyaɗa kai kamar ba kwalbarsa ba ce. Wai shi ai ya san abin da ya zuba. Mutumin da ke kulle bakunan fifet, abin ɗiban ruwan gwaji, a durowa ya tafi da makulli masallaci, amma wannan ya bar ta a fili! Har yau bai dawo min da makata ta rubutu ba, shuɗiyar.

Ƙwaƙwalen ɓeraye shida na niƙa da bafar nan. An ce wasu sai wata mai zuwa.