Yawancin ulun kasuwa ba gashin tumaki ba ne

Sababbin masu koyon saƙa a Yamai da yawa sun ɗauka duk curin ulu da suka saya a Babbar Kasuwa daga jikin tunkiya ya fito. Ba haka ba ne. Yawancinsa akrilik ne, zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, shi ya sa yake da araha.

Gane shi ba wuya. Yanki ɗan guntun zare, ki riƙe da almakashi, ki kusanta shi da ashana kusa da kwanon ruwa. Akrilik zai narke ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage kuma ya murmushe a yatsa. Auduga kuwa tana ci da wuta kamar takarda.

Sanin wannan yana ceton wahalarki. Kada ki ɗora dutsen guga mai zafi a kan akrilik, zai saki ya yi ƙyalli, ba ya komawa yadda yake. Kada kuma ki saƙa abin sauke tukunya da shi, wannan aikin auduga ne. Haka rigar jariri a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40: auduga ce ke shan gumi.

Ban raina akrilik ba fa. Don hular hunturu da koyon hannu, ni shi nake ba ɗalibai, mai launi mai haske, da kwarashi lamba 4, don idon saƙa ya fito sarai.