A tambaye mu tun ba a kafa siminti ba

Shekaranjiya inna ta aiko mini saƙon murya a WhatsApp daga Tawa, ta ce gonakin nan na bayan unguwarmu an zo an auna su, an kakkafa siminti, za a yanka parsel, wato hilayen gina gidaje. Na ce inna an tara ku an yi shawara? Ta ce wa zai tara su, mota kawai suka gani da mutane masu riƙe da takardu. Wallahi ranar ban yi barci kirki ba.

Ni ban ce kada gari ya faɗaɗa ba, ni ma ina son hilin da zan gina in na koma. Amma wurin nan ba na masu gona kaɗai ba ne. Damina tasu ce, suna shuka hatsi da wake, da an yi girbi kuwa sai ya koma na kowa, makiyaya su shigo da shanu su ci kara su bar taki, mata su yi lambu kusa da rijiya, mu kuma yara mu buga balo har magariba. Duk waɗannan ba su da takarda ko ɗaya, shi ya sa ranar rabo ba a tuna su.

Nan Faransa inda nake, arewacin Paris, akwai wasu gonaki da ake ce ma Triangle de Gonesse, tsakanin filayen jirgin sama na Roissy da Le Bourget. An so a gina wata ƙatuwar kasuwa da wurin wasanni mai suna EuropaCity a kan hekta 80, mutane suka yi ta taro suna musu shekara da shekaru, a Nuwamba 2019 gwamnati ta janye aikin. Ba duka suka ci ba, tashar jirgin ƙasa ana nan ana gina ta a wurin. Abin da ya burge ni shi ne tsarin, kafin a taɓa irin wannan ƙasa sai an liƙa sanarwa a takarda ruwan ɗorawa, a ajiye littafi a meri, wato ofishin magajin gari, sau da yawa wata guda cur, kowa ya zo ya rubuta abin da ke ransa, kuma akwai mutum na musamman da zai tattara ya ba da rahoto.

Sai dai kada mu kwafo shi ido rufe. Na taɓa zuwa irin taron a unguwarmu, kusan duk tsofaffi ne ƴan ritaya masu gidan kansu, mu da ke aikin dare da matan da ke goge-goge a ofis tun asuba ba ka ganinmu, alhali ƴaƴanmu ne suka fi bukatar hili. In aka kai littafi da Faransanci aka ajiye a Tawa, inna za ta rubuta ne?

Kuma doka muna da ita fa. Tun 1993 Nijar ta kafa Code rural, dokar ƙasar karkara, da kwamitocin ƙasa da ake ce ma Cofo har matakin ƙauye, an tanadi wurin manoma, makiyaya, mata da matasa a ciki. Ga mai unguwa, ga liman, ga rediyo, ga mai shela. A yi taron da Hausa da Tamashek da Fulatanci, a zana taswirar a ƙasa kowa ya nuna inda burtali ya bi, a yi na mata daban da hantsi don gaban maza da yawa ba za su buɗe baki ba, kuma a duba lokaci, da rani rabin samarin yankinmu na Adar suna bida a Abijan da sauran wurare.

Wanda ke ganin wasa ne ya je Yamai ya dubi ceinture verte, dajin dogon yaron da aka fara dasawa a 1965 don ya tare ƙura da iska, an yi niyyar kusan hekta 2500, yau gidaje da shara sun cinye wuri mai yawa, kaɗan kaɗan aka yi ta gutsura.

Na ce ma inna ta samu sauran matan lambu su tafi wajen mai unguwa tare, su tambaya ko rijiyar da hanyar shanu suna cikin zanen, in ba su ciki su nemi a sa. Ta ce sai bayan Juma'a.