Ranar da na'urar rabon abinci za ta ce ba ta san ka ba

Masu zana mana muguwar duniyar gobe suna son nuna jama'a a layi, ana zuba musu wani kunu mai launin toka, soja na tsaye da bindiga. Ni ban yarda haka abin zai zo ba. Wanda yake son ya mallaki mutane ta cikinsu ba ya buƙatar soja a bakin tukunya. Rajistar sunaye yake buƙata, sannan ya toshe duk wata kafa da mutum zai samu loma ba ta hannunsa ba. Kuma an riga an gwada wannan a kan mutane masu rai.

Da rumbu ake farawa. A Tarayyar Sobiyet, dokar 7 ga Agusta 1932 ta sanya hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 10 a kan taɓa amfanin gonar gwamnati, har mai yin kala bayan girbi bai tsira ba. Ƙauyen da ya kasa cika adadin hatsin da aka ɗora masa, sai a yanke masa gishiri da ashana da kananzir. A Janairun 1933 aka hana manoman Yukren fita neman abinci wani yanki. A Sin kuwa, a 1958, ɗakunan girki na gama-gari aka buɗe, aka tattara tukwanen ƙarfe na gidaje aka narke. Gidan da ba a hura wuta ba ya iya ɓoye ko tiya ɗaya, domin hayaƙi kaɗai ya isa ya tona shi.

Amma wanda ya fi ƙwarewa a awo shi ne tsarin Koriya ta Arewa. Kafin ya durƙushe a shekarun 1990, sau biyu a wata ake rabo. Ma'aikaci yana da giram 700 na hatsi a rana, mai aikin ƙarfi kamar haƙar ma'adinai giram 900, tsoho kuwa giram 300. Ta wurin aiki ake samun takardar karɓa, saboda haka barin aiki barin abinci ne, ƙaura ba izini ma haka. Mazaunin Piyongyang, babban birnin ƙasar, ya fi samun shinkafa, na ƙauye masara. Yi lissafin da kanka: giram 100 na busasshen hatsi yana ba da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 350. Mai giram 700 yana da kusan 2,450, ya haye ma'aunin 2,100 da hukumomin agaji ke aiki da shi. Mai giram 300 yana da 1,050, rabin abin da jiki ke nema. Ba a ce masa ya mutu ba, an dai rubuta lamba.

Me rabin abinci ke yi wa mutum? A Jami'ar Minesota da ke Amurka, tsakanin 1944 da 1945, an sa maza 36 masu ƙoshin lafiya a kan kalori kusan 1,570 na tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, suka zama masu saurin fushi da kasala, ba sa hira sai ta girki. Nan ribar azzalumi take. Mai wannan hali ba ya zuwa taro, tunaninsa bai wuce kwano ba.

Tsarin yana da inda yake ɓallewa, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: ƙarya. Jami'in ƙauye yana tsoron ya ce girbi ya gaza, sai ya ƙara lamba. Na sama da shi ya ƙara tasa. Gwamnati ta karɓi kasonta bisa lambar bogi, ta kwashe har iri. Haka yunwar Sin ta 1959 zuwa 1961 ta ci miliyoyin rayuka alhali takardu na cewa an yi albarka. Sai kuma jiki, wanda ba ya karanta takarda. Masara zalla tana kawo cutar da ke sa fata ta yi baƙi ta tsattsage, ga gudawa da ruɗewa. Farar shinkafa zalla tana kashe jijiyoyin ƙafa. Wata biyu zuwa uku babu ganye babu 'ya'yan itace, dasashi zai fara jini. Da rabon Koriya ya durƙushe a tsakiyar shekarun 1990, ɗaruruwan dubbai suka mutu, kuma waɗanda suka zauna jiran gwamnati sun fi shan wuya. Matan da suka fita kasuwar bayan fage su suka riƙe gidaje.

To, wannan kasuwar bayan fagen ce fasahar yau za ta iya rufewa. Takardar rabo ana iya sayar da ita, a ba maƙwabci, a musanya da itace. Yatsa da ƙwayar ido ba a aronsu. A sansanonin 'yan gudun hijirar Siriya da ke Jodan, da duban ido ake biyan kuɗin kayan abinci. A Indiya an ɗaura rabon hatsi da lambar Aadhaar, wato lambar shaida da ke haɗe da zanen yatsa, sai ga leburori da tsofaffi waɗanda aiki ya shafe zanen yatsunsu na'ura tana ƙin su, ko intanet ta ɗauke a ƙauye a dawo hannu rabbana. A Benezuwela, kwalin abincin da gwamnati ke rabawa, mai suna CLAP, da aka fara a 2016 ya sha zargin ana fifita magoya bayan gwamnati. Ban ce duk mai na'ura azzalumi ne ba, yawanci sata ake son toshewa, kuma da gaske ana satar. Sai dai maɓallin da ke cire sunan bogi shi ne ke cire sunan ɗan adawa.

Ƙofar da na fi tsoro ita ce ta lafiya, domin da murmushi za a shigo. Tun 2008 Japan ke auna ƙugun masu shekara 40 zuwa 74, santimita 85 ga maza, 90 ga mata, kodayake ba a cin tarar mutum. Haɗa irin wannan bayani da kuɗin da ba a riƙewa a hannu, sai ka ga ranar da kati zai ƙi biyan sukari ko nama saboda abin da likita ya rubuta.

Mun ɗanɗana gefen abin a Najeriya a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi: kuɗinka na banki, tiransifa ta maƙale, mai tumatir ba ta da asusu. Bashin mai shagon unguwa ne ya ciyar da gidaje da yawa, don ya san fuskarka. Shi ya sa duk shirin rabon da aka kawo da na'ura, abin tambaya shi ne: idan yatsa ya ƙi, akwai littafin da za a rubuta da biro a ba mutum buhunsa a ranar? Kuma wane ne ke da ikon goge suna, a gaban wa zai sa hannu?